Matambayi Ba Ya Ɓata: Shin Yahudawa sun taɓa yin daula kafin 1948?

Wasiƙun da suka shigo wannan wata, da na waya da na takarda, galibinsu a kan magana ɗaya suka taru, wato Isra'ila da Falasɗinu. Masu neman fatawa a kan ƙaurace wa kayan kamfanoni ko hukuncin ziyara, su yi haƙuri su nufi malaman fiƙihu. Ni tarihi na karanta, shi na koyar har na yi ritaya, kuma iyakar gonata ke nan. Ga guda biyar da na zaɓo.

TAMBAYA: Assalamu alaikum Malam. Ni ɗalibi ne a Zariya. Kullum muna gardama a ɗakin kwana. Wasu sun ce Yahudawa ba su taɓa mulkin ko taku ɗaya a Falasɗinu ba sai da Turawa suka kawo su a 1948. Wasu kuma sun ce ai ƙasarsu ce tun shekara dubu uku ba yankewa. Wa ke da gaskiya?

AMSA: Wa alaikumus salam. Ɗana, ka gaya wa abokanka kowane ɓangare ya kama rabin magana ya saki rabi.

Mu fara da masu cewa ba a taɓa yi ba. In Musulmi ne, su buɗe Suratul Baƙara daga aya ta 246 zuwa ta 251. Can ne manyan Bani Isra'ila suka roƙi annabinsu ya naɗa musu sarki, aka ba su Ɗalutu, Annabi Dawuda (AS) ya kashe Jalutu, Allah ya ba shi mulki da hikima. Mulkin Annabi Sulaimanu (AS) kuwa ko yaron makarantar allo ya san labarinsa. In Kirista ne, littattafan Sama'ila da na Sarakuna suna nan. Amma na san halin gardamar jami'a, za a ce a kawo hujjar da ba ta littafin addini ba. To akwai, kuma abokan gabansu ne suka rubuta ta da hannunsu.

Wani Fir'auna mai suna Merneptah ya sa an sassaƙa kirarin yaƙinsa a jikin dutse wajen shekara ta 1208 kafin Miladiyya, ya lissafa waɗanda ya ce ya murƙushe a ƙasar Kan'ana, har da wata al'umma mai suna Isra'ila. Dutsen yana Alƙahira. A lokacin jama'a ce kawai, ba a ambaci sarki ko birni ba. Bayan shekara ɗari uku da ɗoriya, Mesha sarkin Mowab, a Jordan ta yau, ya rubuta a nasa dutsen yana kukan yadda Omri sarkin Isra'ila ya danne ƙasarsa. Wannan yana Faris. Sai kuma a 1993 masu haƙar kufai suka tono wani guntun dutse a Tel Dan, inda wani sarkin Aramiyawa ke taƙamar ya ci sarkin Isra'ila da sarkin "gidan Dawuda" da yaƙi. Abin da masana kufai ke jayayya a kai yau shi ne girman masarautar farko, ko babbar daula ce ko ƙaramar sarauta a kan tuddai. Samuwarta kam an wuce wurin.

Wajen 930 kafin Miladiyya masarautar ta rabu biyu. Ta arewa ta riƙe sunan Isra'ila, daga baya ta yi hedikwata a Samariya. Ta kudu ita ce Yahuza, mai babban birni a Ƙudus, wadda 'yan'uwanmu Kiristoci ke kira Urushalima. Ta arewa ta fi arziki da yawan jama'a, ita ce kuma ta fara faɗuwa: Assuriyawa suka cinye ta wajen 722, suka kwashe mutane da dama suka watsa su. Yahuza ta sha da ƙyar. A 701 Sennakerib ya ci garuruwanta, ya kewaye Ƙudus, har ya rubuta cewa ya kulle Sarki Hezekiya kamar tsuntsu a keji. Hezekiya ya biya gandu mai nauyi, birnin ya tsira. Daga wancan zamani akwai abin da ido ke gani har yau, wata hanyar ruwa mai tsawon mita 533 da aka fafe cikin dutse a ƙarƙashin birnin don a jawo ruwan marmaro zuwa cikin ganuwa. Ma'aikata kashi biyu suka fara haƙa daga kowane baki, suka haɗu a tsakiya, suka rubuta labarin haɗuwar a jikin bango da Ibrananci. An ɓamɓare rubutun zamanin Turkawa, yanzu yana Istambul, amma ruwan bai daina gudu ba, masu yawon buɗe ido suna naɗe wando su ratsa ciki da cocila.

A 586 Nebukadnezar na Babila, wanda littattafanmu na tafsiri ke kira Bukhtanassar idan an zo farkon Suratul Isra'i, ya rushe birnin Ƙudus da Haikalinsa, wato babban ɗakin ibadar Yahudawa, ya kwashe manyan gari zuwa Iraƙi. Nan sarautar gidan Dawuda ta ƙare. Sairus na Farisa ya ci Babila a 539, ya ba da izini aka koma, aka sake gina Haikali wajen 516. Amma ka lura, wannan ba daula ba ce. Ƙaramin lardi ne mai suna Yehud, yana da gwamna, yana kai haraji Farisa. Daga hannun Farisa sai na Iskandar a 332, daga nan sai magadansa na Masar da na Siriya.

'Yanci na biyu ya zo ne ta hanyar tawaye. A 167 wani sarkin Girkawan Siriya, Antiyokus na huɗu, ya hana kaciya da kiyaye ranar Asabar, ya shigar da bautar gumaka cikin Haikali. Wani gidan malamai da ake kira Makabiyawa suka shiga daji suka ɗauki makami, suka ƙwato Haikalin a 164, kuma wannan nasara ce Yahudawa ke tunawa a bikin Hanuka. Zuwa wajen 142 sun daina biyan haraji, suka kafa daular Hasmoniyawa, suka buga kuɗinsu, suka faɗaɗa iyaka, har suka tilasta wa maƙwabtansu Edomawa shiga Yahudanci. Sun ma yi sarauniya, Salome Alekzandra, ta yi shekara tara a gadon mulki. Da ta rasu 'ya'yanta biyu suka kama rikicin gado, kowa ya kai ƙara wurin janar ɗin Rumawa, Pompey. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. A 63 Pompey ya shiga Ƙudus, bai fita da hannu wofi ba, ya fita da 'yancinsu.

Hirudus da ya yi sarauta daga 37 zuwa 4 kafin Miladiyya, Rumawa suka naɗa shi, su yake wa biyayya. Shi ya faɗaɗa farfajiyar Haikali da manyan duwatsun nan da ake gani a katangar yamma, inda Yahudawa ke addu'a, Musulmi kuma ke kira katangar Buraƙa. An yi manyan tawaye biyu bayansa. Na farko ya tashi a shekara ta 66 Miladiyya, Titus ya ƙone Haikalin a 70. A birnin Rum har yau akwai wata ƙofar nasara da aka gina masa, a jikinta an sassaƙa sojoji sun saɓo fitilar Haikali mai rassa bakwai a kafaɗa. Wannan fitila ita ce tambarin Isra'ila na yanzu. Na biyu shi ne na Bar Kokba, daga 132 zuwa 135. Ya riƙe wani yanki shekara uku, ya buga kuɗi da sunan Isra'ila, sannan Sarki Hadriyan ya murƙushe shi da kisa mai yawa, ya hana Yahudawa zama a Ƙudus, aka maida sunan lardin Siriya Falasɗina.

Yanzu ka ɗauki biro ka yi lissafi. Masarautar arewa ta yi kusan shekara 200. Yahuza ta yi kusan 350 bayan rabuwa, kuma da yawa daga cikinsu tana kai gandu ga Assuriya ko Masar ko Babila. Hasmoniyawa sun yi kusan 80. Daga 63 kafin Miladiyya zuwa 1948, shekara dubu biyu da 'yan kai ke nan, babu daular Yahudawa mai cin gashin kanta a wannan ƙasa in ban da 'yan shekarun tawaye. Ko a lokacin da suke mulkin ma ba su kaɗai ba ne: Filistiyawa suna Gaza da Ashkelon da Ashdod, Finikiyawa suna gaɓar arewa, Samariyawa suna tsakiya. Saboda haka mai cewa ba su taɓa mulki ba ya saɓa wa dutse da Littafi, mai cewa ba yankewa kuma ya haɗiye shekara dubu biyu bai sha ruwa ba.

TAMBAYA: Allah ya gafarta Malam, ni ɗan kasuwa ne a Damagaram. Da Rumawa suka kore su, ƙasar kango ta zama? Kuma na ji an ce an taɓa yin sarki Bayahude a Yaman, gaskiya ne?

AMSA: Alhaji, ba ta taɓa zama kango ba ko na rana ɗaya. Rumawa ma ba su kwashe kowa da kowa ba. An hana Yahudawa Ƙudus da kewayenta, sai malamansu suka koma Galili, musamman Tabariyya, kuma a Galilin aka tattara littafin shari'arsu na Mishna wajen shekara ta 200. Tun kafin rushe Haikali ma Yahudawa masu yawa suna zaune a Iskandariyya da Iraƙi da Rum. Abin da ya faru da mutanen ƙasar a hankali ya faru. Zamanin Rumawan gabas galibi suka zama Kiristoci. Sayyidina Umar (RA) ya karɓi Ƙudus wajen 638, kuma a zamanin Musulmi ne aka sake barin Yahudawa su zauna cikin birnin. Abdulmalik ɗan Marwan ya gina Ƙubbatus Sakhra wajen 691. A cikin ƙarnukan da suka biyo baya jama'a suka koma Larabci, mafi yawa suka musulunta. Don haka Bafalasɗinen yau ba baƙo ba ne da ya sauka jiya daga Hijaz. Da yawansu jikokin mutanen da suka daɗe a wurin ne, sun sauya harshe da addini, gonakinsu na nan inda suke. 'Yan Salibiyya sun ci Ƙudus a 1099, suka karkashe Musulmi da Yahudawa tare, Salahuddin ya ƙwato ta a 1187, Mamlukai suka biyo, sannan Turkawan Usmaniyya daga 1516 har 1917.

Maganar Yaman kuwa gaskiya ce. Sarakunan Himyar sun karɓi Yahudanci, kuma na ƙarshensu da ya yi suna shi ne Yusuf Zu Nuwas, wanda ya karkashe Kiristocin Najran wajen 523. Masu tafsiri da yawa suna danganta wannan da Ashabul Ukhdud na Suratul Buruji. Habashawa suka tsallako suka kayar da shi, kuma daga cikin wannan yaƙi ne Abrahata mai giwa ya samu mulkin Yaman. Akwai irinsu: gidan sarautar Adiyabin, wajen Irbil ta Iraƙi, a ƙarni na farko, da sarakunan Khazar a arewacin tekun Kasfiyan wajen ƙarni na takwas zuwa na tara, da Beta Isra'ila da suka daɗe suna riƙe da kansu a duwatsun Semiyen na Habasha. Amma waɗannan sarakunan wasu ƙasashe ne da addinin ya shiga gidansu, ba su da alaƙa da mulkin Ƙudus.

Sauran Yahudawa sun rayu ne ƙarƙashin wasu, wani lokaci lafiya, wani lokaci da wuya. A Bagadaza halifofi sun amince da shugabansu, Ra'asul Jalut. Da Sifen ta kore su a 1492, Sarkin Musulmi Bayazid na biyu ya buɗe musu ƙofa, garin Safad ya zama cibiyar malamansu. A daidai wannan zamani ne Shehu Magili ya tayar wa Yahudawan Tuwat da ke kudancin Aljeriya, shi Magilin nan da ya zauna Kano zamanin Muhammadu Rumfa. Zuwa wajen 1880 Yahudawan Falasɗinu ba su wuce kusan 25,000 ba cikin jama'a kusan rabin miliyan, galibi masu ibada ne a Ƙudus da Safad da Tabariyya da Halil. Nablus tana fitar da sabulu, Yafa tana fitar da lemo zuwa Turai.

TAMBAYA: Malam, ni malamar sakandare ce a Kaduna. Wani ɗalibina ya ce da an so a kafa Isra'ila a Yuganda. Na ce zan bincika. Yaya abin yake, kuma me ya kawo mu 1948?

AMSA: Malama, ki ƙara wa yaron nan maki. An yi tayin, sai dai filin a Kenya ta yau yake, tudun Uasin Gishu, wajen Eldoret. Ministan ƙasashen mulkin mallaka na Ingila, Joseph Chamberlain, shi ya miƙa wa Theodor Herzl tayin a 1903, babban taron 'yan Sahayoniyya, wato masu fafutukar kafa wa Yahudawa ƙasa, kuma ya yi watsi da shi a 1905. Makiyayan da ke wurin ba wanda ya tambayi ra'ayinsu, kuma wannan ɗabi'a ta rashin tambaya za ki sake cin karo da ita a gaba.

Tushen abin a Turai yake. Ƙarni na 19 zamani ne da kowace ƙabila a can ke neman tutarta, Girkawa da Italiyawa da Jamusawa da Sabiyawa. Yahudawa kuma suna shan duka. Daga 1881 aka riƙa far wa unguwanninsu a daular Rasha ana kisa da wawashe dukiya. Miliyoyi suka tsere, mafi yawa Amurka suka nufa, kaɗan ne suka tafi Falasɗinu suka kafa ƙauyukan noma irin su Rishon LeZion a 1882. Herzl ɗan jarida ne daga Biyana, ba mai riƙo da addini ba. Yana wakilin jaridarsa a Faris lokacin da aka yi wa wani hafsan soja Bayahude, Dreyfus, ƙazafin cin amanar ƙasa a 1894. A 1896 ya wallafa ɗan littafinsa na kiran a kafa daular Yahudawa, a 1897 ya tara taron farko a Basel ta Suwizalan. A 1901 ya gana da Sultan Abdulhamid na biyu da tayin taimaka wa Turkiyya a kan bashin da ya yi mata katutu, bai samu Falasɗinu ba. Ya mutu a 1904 bai ga komai ba.

Yaƙin Duniya na Ɗaya ne ya juya lamarin. Ingila ta yi alkawura masu karo da juna. Ta yi wa Sharif Husaini na Makka romon baka da daular Larabawa in ya yi wa Turkawa tawaye. Ta raba yankin a asirce da Faransa a yarjejeniyar Sykes da Picot ta 1916. Sannan ranar 2 ga Nuwamba 1917 ministan harkokin wajenta, Arthur Balfour, ya aika wa Lord Rothschild wasiƙa cewa gwamnati na goyon bayan kafa wa Yahudawa gida na ƙasa a Falasɗinu. Wasiƙar ta kira mutanen da suka kai kusan kashi 90 cikin ɗari na ƙasar da "al'ummomin da ba Yahudawa ba", ta yi alkawarin kare musu haƙƙin zaman gari da na addini, ba ta ambaci haƙƙin siyasa ba. A ganina duk wanda ke son fahimtar rikicin nan, daga wannan giɓi zai fara.

Bayan yaƙi, tsohuwar majalisar ƙasashen duniya ta ba Ingila riƙon amanar Falasɗinu, irin riƙon da aka ba ta na arewacin Kamaru, su Mubi da Dikwa. Wani abin da ɗalibanki za su so ji: cikin kwamitin da ke duba waɗannan ƙasashen amana a Janiba har da Lugga ɗinmu, Lord Lugard, ya zauna a ciki har 1936. Ƙidayar 1922 ta samu mutum kusan 757,000, Yahudawa kusan 84,000, wato kashi 11. Ƙungiyoyin Sahayoniyya suka riƙa sayen filaye, sau da yawa daga attajiran da ba sa zaune a ƙasar, kamar gidan Sursuk na Bairut da suka sayar da kwarin Marj ibn Amir, manoman da ke aikin gonakin kuma aka tashe su. A gefe guda Yahudawa suna gina gwamnati kafin gwamnati: ƙungiyar ƙwadago, makarantu, jami'a a 1925, rundunar Hagana, ga Ibrananci da aka farfaɗo da shi ya zama harshen kasuwa da gida. Jini ya zuba a 1929, aka kashe Yahudawa 67 a Halil kaɗai. Hitila ya hau mulki a 1933, Amurka ta riga ta ƙuntata ƙofarta tun 1924, sai kwararar ta karkato Falasɗinu, a 1935 kaɗai sama da mutum 60,000 suka shigo. Larabawa suka yi babban bore daga 1936 zuwa 1939, Ingila ta murƙushe shi, ta kashe wasu jagorori, ta kori wasu, ta ƙwace makamai. Wannan rauni bai warke ba har 1948.

Sai kisan ƙare dangi da 'yan Nazi suka yi wa Yahudawa miliyan shida. Wanda ke musun wannan ba ya taimaka wa Falasɗinawa da komai, yana zubar da mutuncin kansa ne kawai. Bayan yaƙi dubban ɗaruruwa suna sansanoni a Turai ba mai son karɓarsu. Ƙungiyoyin Yahudawa masu ɗauke da makami suka juya kan Ingila, Irgun ta Menachem Begin ta tayar da bam a otel ɗin King David a Yulin 1946, mutum 91 suka mutu. Ingila ta gaji, ta miƙa maganar ga Majalisar Ɗinkin Duniya.

Ranar 29 ga Nuwamba 1947 aka kaɗa ƙuri'ar raba ƙasar: 33 suka yarda, 13 suka ƙi, 10 suka ƙaurace. Daga Afirka, Laberiya da Afirka ta Kudu sun yarda, Masar ta ƙi, Habasha ta ƙaurace, sauranmu muna ƙarƙashin Turawa ba mu da baki. An ba Yahudawa kusan kashi 55 na ƙasar, babban ɓangarensa hamadar Naƙab ce, alhali su kashi ɗaya cikin uku ne na jama'a, filin da suka saya kuma bai kai kashi 7 ba. Shugabanninsu suka karɓa, Larabawa suka ƙi, faɗa ya kaure tun Ingila ba ta fita ba. A Afrilun 1948 aka kashe mutum sama da ɗari a ƙauyen Deir Yasin, bayan kwanaki aka far wa ayarin likitoci da ma'aikatan jinya Yahudawa aka kashe kusan tamanin. Ranar 14 ga Mayu David Ben-Gurion ya karanta shelar kafa Isra'ila a Tel Abib, Amurka ta amince cikin mintuna, Tarayyar Sobiyat bayan kwana uku. Washegarin shelar sojojin Masar da Jordan da Siriya da Iraƙi da Labanan suka shigo, ba shiri ɗaya ba, ba manufa ɗaya ba. Da aka tsagaita wuta a 1949 Isra'ila tana riƙe da kashi 78, Jordan ta riƙe Gaɓar Yamma ta kogin Jordan da gabashin Ƙudus, Masar ta riƙe Gaza. Falasɗinawa sama da 700,000 sun gudu ko an kore su, kamar yadda aka fitar da mutanen Lidda da Ramla da bakin bindiga, ƙauyuka sama da 400 suka zama kufai, kuma ba a bar su sun dawo ba. Wannan suke kira Nakba. Cikin shekarun da suka biyo baya Yahudawa kusan 800,000 suka bar ƙasashen Larabawa, wasu da son ransu, wasu da tsangwama da ƙwace dukiya. Iraƙi kaɗai ta rasa kusan 120,000 a 1950 da 1951. A yaƙin kwana shida na 1967 Isra'ila ta mamaye ragowar kashi 22 ɗin, da Sina'i da tuddan Golan. Sina'i ta koma wa Masar bayan sulhun 1979. Gaɓar Yamma kuwa har yau 'yan kama-wuri-zauna suna ƙara gine-gine a cikinta.

TAMBAYA: Malam, don Allah a taƙaice: Isra'ilar yau ita ce ci-gaban masarautar Annabi Dawuda? Daga wani mai sauraro a Kumasi.

AMSA: Akwai abin da ya ci gaba, akwai wanda bai ci gaba ba. Addini da littafi da harshen ibada da begen Ƙudus, waɗannan Yahudawa sun riƙe su duk tsawon zamanin nan, kullum suna fuskantar Ƙudus in za su yi addu'a. Amma daular 1948 ƙirar Turai ce ta zamani, mai majalisa da jam'iyyu, kuma galibin waɗanda suka kafa ta 'yan gurguzu ne da ba su damu da ibada ba. Manyan malaman Yahudawa da dama sun yi adawa da tafiyar tun farko, suna cewa ba a kafa daula kafin zuwan Almasihu, kuma har yau ƙungiyoyin Satmar da Neturei Karta suna kan haka, ko da yake tsiraru ne. Bayahude ɗaya tilo a majalisar ministocin Ingila a 1917, Edwin Montagu, shi ya fi kowa sukar wasiƙar Balfour. Ni dai ban yarda sarautar da ta faɗi shekara dubu biyu da suka wuce ta zama takardar mallakar gidan wani da ke ciki da 'ya'yansa ba. Ban kuma yarda a gina goyon bayan Falasɗinawa a kan ƙaryata tarihin da Alƙur'ani da kansa ya ba da ba. Haƙƙinsu bai dogara da wannan ƙaryatawa ba, ya dogara ne da cewa suna wurin aka tashe su. Ka kuma sani kusan kashi ɗaya cikin biyar na 'yan ƙasar Isra'ila Larabawa ne, kuma dokar 2018 ta ce haƙƙin ƙaddara makomar ƙasar na Yahudawa ne kaɗai.

TAMBAYA: Baba Malam, mahaifina ya ce Sardauna bai yarda da Isra'ila ba. To yaushe Nijeriya ta ƙulla hulɗa da ita? Daga wata ɗaliba a Sakkwato.

AMSA: 'Yata, mahaifinki ya faɗi daidai. Gwamnatin tarayya ta ƙulla hulɗa tun 1960, jihohin Yamma da Gabas suka yi aiki sosai da kamfanoni da ƙwararrun Isra'ila, har wani maginin Isra'ila, Arieh Sharon, shi ya zana tsarin Jami'ar Ife. Kada ki haɗa shi da Ariel Sharon janar ɗin soja, mutum biyu ne daban. Sardauna Ahmadu Bello kuwa ya ƙi karɓar tallafinsu a Jihar Arewa. A 1971 Janar Gowon yana cikin shugabanni huɗu da Ƙungiyar Haɗin Kan Afirka ta tura Isra'ila da Masar neman sulhu, tare da Senghor da Ahidjo da Mobutu, ba a dace ba. A Oktoban 1973, lokacin yaƙin da Masar da Siriya suka yi da Isra'ila, Nijeriya ta yanke hulɗa tare da galibin ƙasashen Afirka. Ta amince da ƙasar Falasɗinu a 1988, sannan gwamnatin Babangida ta maido hulɗa da Isra'ila a 1992. Nijar ta yanke a 1973, ta maido a 1996, ta sake yankewa a 2002. Chadi ta yanke a 1972, sai 2019 ta maido.